Google Scholar ya ce kaza, Scopus ya ce kaza, wa zan yarda da shi?

TAMBAYA: Salam. Ni malamar jami'a ce ina shirin neman ƙarin girma, sai na ga Google Scholar yana nuna an ambaci takarduna sosai amma a Scopus ko rabin haka bai kai ba. Don Allah wanne ne mai gaskiya?

AMSA: Wa alaikumus salam Malama. Ai babu wanda ya yi miki ƙarya a cikinsu, kowa abin da ke rumbunsa yake ƙirgawa. Shi Google Scholar tun da aka buɗe shi a 2004 duk abin da ya yi kama da rubutun ilimi a intanet kwashewa yake, kundin digiri ne, takardar taro ce, babin littafi ne, ga shi kyauta, shi ya sa lambarsa ta fi kumbura. Matsalar dai ba ya tacewa sosai, sai ki ga takarda ɗaya ta fito sau biyu, ko ya liƙa miki aikin wata mai irin sunanki in kin bar shi yana sabunta shafinki da kansa, har mujallun bogin nan masu karɓar kuɗi su buga komai yakan lissafa da su.

Scopus na kamfanin Elsevier da Web of Science na Clarivate kuwa sai mujallar da suka tantance, shi ya sa kwamitoci suka fi ganin girmansu. Amma fa sai jami'a ta biya kuɗi masu kauri kafin a samu cikakken amfani da su, kuma sun fi karkata ga Turanci da kimiyya, mai rubuta littattafan adabi ko tarihi kam yana shan ƙwara a wurinsu.

Sai h-index, ma'aunin tasirin rubuce-rubucen mai bincike da Jorge Hirsch ya kawo a 2005, in naki 10 ne to kina da takardu 10 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 10. Ni dai ban cika ba shi amana ba, don wanda ya ambace ki yana ragargazar aikinki da wanda ya yaba duk ɗaya ne a lissafin, balle masu ambaton kansu a kowace takarda.

Ki fara tambayar kwamitin wanne suke karɓa. Ki buɗe ORCID, wato lambar shaida ce da ke bambanta mai bincike da masu irin sunansa, kyauta ce, ki riƙa sa lambar a duk takardar da za ki tura. A Scholar kuma ki haɗe masu maimaici, ki goge waɗanda ba naki ba, ki saita shi ya riƙa turo miki imel kafin ya ƙara komai.