Tambayoyin alkibla a lissafi: fara da zane kafin ƙa'ida

Wani ɗalibi daga Mabera a Sakkwato ya ce ya haddace ƙa'idoji, amma tambayoyin alkibla na WAEC suna kayar da shi.

Ɗan'uwa, kana ƙoƙarin riƙe tafiyar gaba ɗaya a ka ne, alhali ƙwaƙwalwa abubuwa kaɗan take iya riƙewa lokaci guda. Sauke mata kayan a takarda.

Ɗauki wannan: mutum ya yi kilomita 6 a kan 090°, sannan kilomita 8 a kan 180°, ana neman nisansa daga inda ya tashi. Sa ɗigo inda ya tashi, ka ja layin arewa a tsaye. Daga wannan layin ake auna kusurwa, ana bin yadda hannun agogo ke juyawa, don haka 090° gabas ce sak. Da ka kai inda ya juya, sake jan sabon layin arewa. Nan ne mafi yawan ɗalibai ke faɗuwa: sai su auna 180° daga layin tafiyar farko, zanen ya karkace, lissafin ya bi shi. 180° kudu ce. Haɗa farko da ƙarshe, sai ga alwatika mai kusurwa 90°. A irin wannan alwatika, ninka kowane gajeren gefe da kansa ka haɗa: 6 sau 6 ya ba da 36, 8 sau 8 ya ba da 64; 36 da 64 sun ba da 100, wato 10 sau 10, nisan ke nan kilomita 10.

Yi zanen babba, rabin shafi ma bai yi yawa ba, da fensir da rula. Rubuta kowane adadi a jikin layinsa, abin da ake nema kuma ka sa masa alamar tambaya.