Me ya sa siket ɗin masu rawar bale ya gajarce haka?

Malam, kana tambaya ko tun asali wannan siket, da ake kira "tutu" da Turanci, gajere ne. A'a. A da, a fadar Faransa, da dogayen riguna masu nauyi ake rawa. Wajen 1730 'yar rawa Marie Camargo ta rage tsawon tata don a ga aikin ƙafarta. A 1832 a Faris, Marie Taglioni ta fito a wasan bale mai suna La Sylphide da farin siket shara-shara, ya wuce gwiwa. Kyau kam akwai, sai dai yadin ba ya jure wuta: a 1862 fitilar gas ta kama kayan 'yar rawa Emma Livry, ta rasu a 1863. Gajeren nan mai tauri kamar faifai kuwa a ƙarshen ƙarni na 19 ya yaɗu, musamman a Rasha, da juyi da tsalle suka ƙaru.