Ya shiga gida bai cika kuɗi ba: zan iya karɓe gidana?

Tambaya: Malam, na sayar wa wani gidana a unguwar Yelwa, nan Garwa, a kan sefa miliyan 8. Ya ba ni miliyan 5, muka yi da shi zai cika bayan kakar auduga, na miƙa masa makullai. Yau shekara biyu ke nan kullum sai gobe, ga shi ya zuba 'yan haya a shagunan ƙofar gida. Ya halatta in garƙame gidan in sayar wa wani? Kuɗin hayar da ya ci fa?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Ɗan'uwa, Allah Ya ba ka haƙuri, amma bai halatta ba. A mazhabar Imam Malik, da zarar an ce "na sayar", an amsa "na saya", gida ya bar mulkinka. Abin da ya rage maka bashi ne na miliyan 3 a wuyansa. Ko da a ce cinikin hannu da hannu ne, damar riƙe gida har a biya tana ƙarewa ranar da aka miƙa makullai. In ka sayar wa wani yanzu, ka sayar da abin da ba naka ba. Kuɗin haya ma nasa ne, domin da katanga za ta faɗi a damina, asararsa ce.

Sai a duba halinsa. In yana da shi yana ja maka rai, Annabi (SAW) ya kira jinkirin mawadaci zalunci, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito. Wanda ke karɓar haya duk wata kuwa da wuya ya ce babu. Kai shi fadar Lamiɗo ko kotu da shaidunka. Alƙali na da ikon tilasta masa, har ya sayar da dukiyarsa a biya ka. In talauci ne na gaske, aya ta 280 a Baƙara ta ce a saurara masa. Ko ta yaya, kada ka ƙara ko sefa ɗaya saboda jinkiri, riba ce.

Gidan na iya dawo maka ta hanya biyu. Ko ku warware cinikin da yardar juna, wato iƙala, ka mayar masa da miliyan 5 ɗinsa cif. Ko alƙali ya yanke cewa bashi ya cinye dukiyarsa. Nan Malik ya ba ka zaɓi, ka mayar da abin da ka karɓa ka ɗauki gidanka, ko ka bi sahun masu bin sa bashi. Hanzarta, domin in ya rasu wannan fifikon ya faɗi, kai da sauran masu bashi ɗaya kuke.

Ba ka ambaci takarda ba, abin ya dame ni. Dokar filaye ta Kamaru ta 1974 ba ta amincewa da cinikin gida mai takardar mallaka sai an yi shi gaban notar, jami'in da ke hatimce yarjejeniya. Kada ka sa hannu a sauya suna kafin a rubuta ragowar bashin da ranar biya, gaban shaidu biyu.

Wallahu a'alam.