Hannunka Mai Sanda, Hauni da Hannun Riga

Malam, mene ne asalin "hannunka mai sanda"? (daga Damagaram)

Daga bakin masu nuna wa makaho hanya ta fito. In kana fuskantar makaho ka ce masa "yi dama", damar wa? Taka ko tasa? Shi ya sa ake cewa "bi ta hannunka mai sanda", don ya san hannun da ke riƙe da sandarsa ba sai ya gani ba. Daga nan aka are ta ga jan hankali a fakaice, wanda mai laifi zai gane ba tare da an tona shi ba.

To amma ku saurari wasu 'yan jaridar rediyo. Sai su ce shugaba ya yi wa ma'aikata hannunka mai sanda, alhali ya kama sunansu ƙiri-ƙiri, har da barazanar kora. Wannan kashedi ne, jama'a. Inda aka fito fili, sanda ba ta da aiki.

Kuma kada masu ido su ɗauka sun tsira daga ruɗanin nan. A 1987 wani masani a Amurka, Lawrence Parsons, ya riƙa nuna wa mutane hotunan hannu a juye iri-iri, yana tambaya: na dama ne ko na hagu? Idan hannun hoton ya murɗe yadda zai yi wa mutum wuya ya murɗa nasa, amsa takan yi jinkiri. Wato a zuci mutum yake juya hannunsa har ya dace da na hoton, sannan ya yanke hukunci. Binciken da ya biyo baya ya nuna ko goya hannu a baya kawai yana ƙara jinkirin. Ashe mai ido ma jikinsa yake tambaya.

Mene ne "hauni"?

Hagu ne. Tsohuwar kalma ce, kuma ta fi zama a bakin dattawa da mawaƙa.

"Sun yi hannun riga" faɗa suka yi?

Ba lallai ba. Rabuwa ce, kowa ya kama gabansa. Dubi babbar riga a shanye: hannu ɗaya gabas, ɗaya yamma.

Taƙi da kamu ɗaya ne?

A'a. Taƙi daga babban yatsa zuwa manuniya ne in an buɗe tafi. Kamu daga gwiwar hannu zuwa ƙarshen yatsu. Tambayi kakarka, ta sayi ƙyalle da shi.