Amsa ga mai tambayar ganin puma a Florida

Salam ɗan uwa, na ga tambayarka cewa za ka zo Florida hutu, kana so ka san ko in ka shiga gandun daji za ka ga puma, babbar kyanwar dajin nan mai kama da zakanya, da mutanen nan ke kira panta. Gaskiya kar ka sa rai sosai. Shekarata bakwai a garin Fort Myers na Florida, kusan duk wata sai na leƙa gandun dajin Fakahatchee ko na Big Cypress, amma sau ɗaya tak Allah ya nuna min ita, shi ma da asuba ne a hanyar Janes Scenic Drive da ke cikin Fakahatchee, kawai ta fito daga cikin ciyawa ta tsallaka, kalarta kamar jar ƙasa, ga jela doguwa kamar za ta share hanya, kafin in lalubo waya a aljihu ta shige. Wallahi jikina har rawa yake.

Ai ba su da yawa ne. Hukuma na ƙiyasin manya 120 zuwa 230 suka rage, kuma namiji ɗaya yana yawo a daji mai faɗin murabba'in mil 200, to ina za ku haɗu? A shekarun 1970 ma ba su wuce 20 zuwa 30 ba, 'yan uwa suna ta barbarar juna har ake haifar su da lanƙwasasshiyar jela da ciwon zuciya, sai a 1995 aka kawo matan puma takwas daga jihar Teksas aka saki, jini ya gauraya, shi ne suka ɗan farfaɗo.

Abin da ke ci min rai shi ne mota, ita ta fi kashe su yanzu. In ka hau titin 29 da dare za ka ga alamar iyakar gudu ta mil 45 a awa, don Allah ka bi, kar ka biye wa masu gudu.

Ka zo tsakanin Disamba da Afrilu, ruwa ya janye sauro ya yi sauƙi, kuma ka fita kafin rana ta ɓullo. Ka riƙa duba laka, sawunta kamar na kyanwa ne amma ƙato, babu shatin farce, in ka ga farce to kare ne. Da yawa masu cewa sun gani kyanwar dajin nan bobcat suka gani, ita jelarta guntuwa ce. In kuwa kun yi kiciɓis kar ka gudu, ka ɗauki yaro in akwai, ka ɗaga hannuwa sama ka ja baya a hankali kana kallonta.