Ga ƴar uwa mai rumman a tukunya

Ƴar uwa, kin ce tun da ruwa ya ɗauke ganyen rumman ɗinki ke yin rawaya yana zuba, kina tambaya ko ki ƙara masa ruwa da taki. Don Allah ki dakata. Wallahi da na karanta sai da gabana ya faɗi, abin da ya same ni ke nan.

Nawa reshe ne na yanko a gidanmu na Tibiri, jikin wanda Inna ta dasa da hannunta, Allah ya jiƙanta. Na kafe shi a bokitin fenti, ya kama, har ya yi mini jan fure sau biyu. Nuwamba na shigowa, iskar hunturu ta taso, sai ga ni ina sharar ganye kowace safiya. Na ruga wajen wani mai saida dashe a bakin hanya. Ko tambayata bai yi ba ko bokitin na da huda a gindi. Ya ce yunwa ce da ƙishirwa, ya ƙulla mini takin zamani, wanda ake kira ure, a leda, ya karɓi dala ɗari, wai in barbaɗa cikin tafi guda in riƙa ban ruwa safe da yamma. Ni kuma don zumuɗi na ƙara da na azahar.

Ba a yi sati uku ba ƙasar ta fara tsami. Ranar da na kifar da bokitin ba zan manta da ita ba: saiwoyin sun yi baƙi, sun yi laushi kamar taliyar da ta kwana a ruwa, ga wari kamar kwata. Na zauna bisa turmi ina kuka. Maigida ya leƙo ya ce, "Yanzu a kan icce?" Bai san an sare uwar iccen ba lokacin da aka raba gado aka ja katanga. Na koma wajen mutumin nan, ya ce ƙaddara ce, har da nuna mini wani dashe wai in saya. Har gobe in adaidaita ta bi da ni ta wajen, kau da kai nake.

To ke dai, kankari ɓawon reshe da farce. In kin ga kore da ɗan danshi a ƙasa, da ransa, hutawa yake. Icce ta ganye yake fitar da ruwa, in ganyen ya zube shansa ya ragu, ruwan da kika ƙara sai ya kwanta ya ruɓar da saiwa. Ki tura yatsa cikin ƙasar har gaɓa biyu, sai kin ji ta bushe sannan ki ba shi. Wanda nake da shi yanzu yakan kwana huɗu ko biyar a lokacin sanyi ban kula shi ba. Taki kuwa kar ki soma sai kin ga sabon toho, kuma kashin awaki da ya ruɓe ya fi. Ure kamar gishiri yake, a gona yana da wurin bajewa, a tukunya ƙona saiwa yake.

Dubi kuka mana, tsirara take yini duk rani, wa ya taɓa ce mata ta mutu? Gawo ma nasa a juye yake, da damina yake zubarwa. Ƙanena da ke Faransa ya ce can akwai wani da suke kira suro, mai farin fure da baƙaƙen ƴaƴa, in kaka ta yi ya koma sanduna sai sanyi ya wuce.

Ɗaga tukunyar ki duba huda yau ɗin nan. Ki matsar da ita jikin bango inda iskar gabas ba ta dukanta, amma rana na samunta. Ki leƙa bayan sauran ganyen, in da wata saƙa siririya kamar ta gizo, ƙwari ne, ki wanke da ruwa. Kuma ki ja kunnen yara, ruwan wanki suke juyewa a gindin shuka in sun ji ƙyuyar kai shi waje. Ni akuyar maƙwabta ma ta isa bala'i, bara ita ta cinye tohon farko tas, sai da na kewaye shi da ƙaya.

Turo mana hoton gindin tukunyar da na reshen da kika kankara, mu gani.