Tambaya da Amsa: Ina ƴan kallon suka shiga?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Kawuna ne ya ban wani tsohon faifan wasan Pink Floyd, mawaƙan Birtaniyan nan, na sa a gida na ga suna ta kiɗa a wani kango ba kowa, kuma waƙa ɗaya ta ƙi ƙarewa har Hajiya ta leƙo tace wai talabijin ɗin ta lalace ne. Kwafin ne mara kyau ko yaya?
Daga ɗanku a Aboabo, Kumasi.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana, faifanka lafiya lau. A Pompeii ta Italiya aka ɗauke shi, Oktoban 1971, cikin tsohon dandalin Rumawa na garin nan da dutse mai aman wuta ya binne, kuma da gangan ba a tara jama'a ba, darakta Adrian Maben haka ya so, aka saki fim ɗin 1972. Tsawon kuwa salonsu ne, su da ƙungiyoyin Yes da Genesis, waƙa sai ta haura minti 20, ana ta jan jita da ogan.

Amma dai kar ka ji shi da sifikar talabijin, kashe bes take yi. Jona babbar sifika ko iyafis, da dare, in dumsor (ɗauke wuta) ya ƙyale ka.

Af, kuma ba baƙinmu ba ne sosai fa, Roger Dean mai zana wa Yes bangon faifai shi ya zana giwayen nan masu fukafukai na bangon faifan ƙungiyar mawaƙa Osibisa a 1971, shugabansu marigayi Teddy Osei ɗan Kumasin nan ne. Tambayi kawun naka.